Marin, Batirin Saniya, Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwoyi masu tsami saboda tsayuwa a kan simintin gareji, ni Zlatka matar Naiden, ta gida mai koriyar ƙofa a kan tudu, a madadin kaina da maigidana da duk wanda ya taɓa cin arzikin mamacin, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da masu jiran motar burodi rasuwar amininmu kuma abokin tafiyarmu, Marin, batirin motar kwananmu mai gado da firji a ciki, wadda duk ƙauyen nan ke kira Saniya.

Mun ankara da rasuwar ne ranar Litinin da hantsi. Amma bakanike da ya zo daga gari ya duba gawar ya ce rai ya daɗe da yin halinsa, tun a tsakiyar sanyi, shi kaɗai cikin duhu, a ƙarƙashin tampol da tsofaffin barguna, mu kuwa muna can ɗaki muna shan shayi muna zagin gwamnati. Ya bar duniya a cikin shekararsa ta tara, wanda a wurin batir tsufa ne na albarka. Allah Ya sa ya huta, mu kuma Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Wanda ya ga na liƙa wannan takarda a jikin bishiyar gaban kanti, tsakanin ta marigayi malamin makaranta da ta surukar mai kanti, har ya ce tsohuwar nan ta fara ruɗewa, to ya tsaya ya faɗa mini ko ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah biyu ya taɓa kai shi bakin teku ya dawo da shi. Na san takardar ta yi tsawo. Ku karanta, ai motar burodi ba ta zuwa kan lokaci, kuma na san ba ku da abin yi.

Ba mu san iyayen mamacin ba. Naiden ya samo shi ne a wani ɗan shago a birnin Burgas na bakin teku, shekarar da wanda ya gabace shi ya ci amanarmu a bakin ruwa, ga rana, ga nama a firji. Mai shagon wani tsoho ne mai haƙori ɗaya, sunansa Marin. Ya dafa batirin ya ce wa Naiden, "Wannan sai ya binne ka, kawu." Maganar ta yi wa maigida daɗi har ya raɗa wa batirin sunan mutumin. To ga shi bai binne shi ba, an gode Allah, amma saura ƙiris ya tafi da shi, kamar yadda za ku ji.

Marigayin mai kawaici ne, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Bai taɓa shan giya ba, abin da ba zan iya faɗa a kan yawancin mazan da ke tsaye suna karanta wannan takarda ba. Ruwa kawai yake sha, shi ma tataccen ruwan kwalba, ɗan kaɗan. Ba a kiransa sau biyu. Da Naiden ya murɗa makulli sai ka ji "gur-gur-gurrum!", Saniya ta girgiza jiki, kofuna su yi ta ƙara a cikin kabad, kajin Penka maƙwabciyarmu su watse. Duk kun san wannan murya. Da ita kuke gane bazara ta shigo, ba da kalandar coci ba.

Kuma mai kyauta ne. Ranar auren jikar mai kanti, da motar Fada Serafim ta ƙi tashi a bakin gada, amarya na can coci tana jira har kwalliyarta ta fara narkewa, wa aka jona wa waya? Marin. Ya ba da daga cikin ƙarfinsa, bai nemi ko godiya ba. Auren bai je ko'ina ba, amma wannan ba laifinsa ba ne, laifin uwar ango ne, kuma wanda yake son cikakken bayani ya same ni a gida da yamma.

Mu ma dai ba mu ci amanarsa ba, a shekarun baya. Duk kaka, da mun dawo daga teku mun shigar da Saniya gareji, Naiden zai kwance masa baƙar waya tukuna, sannan ja, ya rungumo shi a ƙirji kamar sabon jika, ya sauka da shi ɗakin ƙasa inda nake jera kwalaben tsami. Ba ya ajiye shi a siminti, sai a kan katako. Ya samu tsohon buroshin haƙori ya goge masa kawunansa biyu, ya shafa musu basilin. Duk wata sai ya sauka ya ciyar da shi da tsohuwar cajarsa mai kuka "zzzz" kamar ƙudan zuma, ya zauna a kan akwati yana ba shi labarin duniya. Ni da na haura shekara hamsin a gidan mutumin nan, ko sau ɗaya bai taɓa shafa mini basilin a ka ba. Ba ƙorafi nake yi ba, takardar makoki ce, amma a rubuta.

Ku da kuka san Naiden kun san dalili. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin ramin ma'adinai, ba ya ganin rana sai ranar Lahadi, shi ne yanzu yake jure wata goma don wata biyu. Da ya ajiye Saniya a wurinmu na kullum a ƙarƙashin bishiyoyin bakin ruwa, ya kafa kujerarsa, ya ɗora hular kabarsa, ya jefa ƙugiya, sai tarinsa ya tsaya, ƙafarsa ta daina kumburi, har ya tuna cewa yana da mata ya sayo mini masara gasasshiya. Likitoci sun ba shi ƙwayoyi iri-iri, babu wadda ta kai wannan.

Ciwon ajalin Marin kuwa ba daga jikinsa ya fara ba, daga bayan Naiden ya fara. Bara da kaka bayan ya riƙe, likita ta ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi burodi nauyi. Sai ga ɗanmu Rumen a waya daga Jamus. Wanda bai sani ba ya sani, takardun Saniya da sunansa suke, tun shekarar da muka yi wautar mayar masa da su saboda inshora.

Ya ce, "Mama, ku sayar da motar nan ku huta. Mutumin da ba ya iya ɗaga batir, shi ne zai tuƙa gida guda har bakin teku?"

Naiden ya fizge wayar daga hannuna. "Kai yaro! Lokacin da nake hawa duwatsu da Saniya, kana kujerar baya kana amai a cikin hulata."

"Baba, ba tuƙinka nake ji ba. Motar da ta kwana rabin shekara ba mai kula da ita, ita ce ke mutuwa da mutum a tsakiyar hanya. To shi ke nan, mu yi haka. Zan zo bikin Ista. Ni da hannuna zan murɗa makulli. In ta tashi, ku tafi tekunku, na ja bakina. In ta ƙi, akwai dillalin da ke jira."

"Na yarda," in ji Naiden, ko numfashi bai ja ba. Namiji da baki, kun san su.

Rumen dai ba mugun yaro ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Bayan mako biyu sai ga saƙo daga wurinsa: wata 'yar caja da ba ta kai tafin hannu ba, wai mai hankali ce. A maƙala ta a kan batir yana cikin mota, a soka ta a soket, a manta. Wai ita ta san lokacin da ya ƙoshi da lokacin da yake jin yunwa, tana ɗiga masa wuta kaɗan-kaɗan kamar ruwan asibiti. Ina shaida wa jama'a cewa cajar nan ba ta da laifi. Hankalinta ne kawai bai kai ta yi ihu ba in an zare ta daga bango.

Naiden ya maƙala ta, ya ga koriyar fitilarta ta kama, ya ji daɗi. Sai tausayi ya kama shi, wai Marin bai saba kwanan sanyi a waje ba. Ya rufe inji da barguna, ya lulluɓe Saniya da tampol tun daga kai har ƙafa, fitilar ta ɓace a ciki. Ba abin da ake gani sai baƙar waya ɗaya da ta fito ta nufi bango. Garejinmu kuwa soket ɗaya gare shi tak.

Sai tattasai ya nuna.

Kun san yadda ƙauyen nan yake zama. Kowane gida hayaƙi, kowace mace yatsunta baƙi ƙirin, kowa na rige-rigen cika kwalabe kafin sanyi. Kun kuma san tukunyar gasa tattasai yadda take zuƙar wuta, kamar jaki ya samu rafi. Akwai wani gida a layinmu da in an jona wannan tukunya fis ɗinsa yake ƙonewa, don maigidan ya ƙi canza wayoyin da kakansa ya sa. Matar gidan ta zo ta roƙi aron soket ɗinmu, daidai ranar da zan kai Naiden asibiti a duba bayansa. Na miƙa mata makullin gareji. Maƙwabtaka ta haura shekara arba'in, ai ba a hana wuta.

Ni ban ga komai ba, ina asibiti. Kuma takardar makoki ba kotu ba ce, ba zan kira sunan kowa da mai laifi ba. Abin da kawai zan ce shi ne, an zare filogin caja an soka na tukunya, an gasa tattasai buhu guda, an share wuri tas, sannan aka ɗauki baƙar waya aka mayar a soket kamar yadda mutumin kirki zai yi. Sai dai a jikin wannan bango akwai wata baƙar wayar, ta injin wasa wuƙar Naiden, wanda ya mutu tun zamanin gwamnatin da. Ita aka mayar.

Haka sanyi ya shigo. Duk Lahadi in mun dawo daga coci, Naiden zai ture dusar ƙanƙara daga bakin gareji, ya leƙa, ya ga baƙin filogi zaune daram a soket, ya ce, "Ci abincinka, Marin," ya ja ƙofa. Ashe bawan Allah yana ciki yana azumin dole. Ga agogon rediyo da 'yar ƙararrawar ɓarayi sun kafa masa baki kamar kaska suna tsotsa dare da rana, don bana ba a kwance masa baƙar waya ba, an dogara da caja. Bakanike ya ce batir mai ƙoshi ba ya tsoron sanyi, amma mai yunwa ruwan cikinsa ne ke daskarewa ya fasa shi. Ashe su ma kamar mutane suke.

Ranar Litinin ɗin nan Naiden ya tashi da fara'a, ya ce bari a gwada murya kafin Rumen mai jarrabawa ya iso. Har hular kabarsa ya ɗora. Muka yaye tampol, ya hau, ya gyara madubi, ya murɗa makulli.

Shiru.

Ko ɗan "tak-tak" ɗin nan da marasa lafiya ke yi, babu. Ya sake murɗawa. Ba abin da muka ji sai zakaran Penka. Da muka ɗaga bargunan muka same shi cikinsa ya kumbura kamar ƙullin burodin da aka manta, gefensa ya tsage, kawunan nan biyu da ake shafa wa basilin sun yi furfura fari fat. Bakanike ya zo ya jona masa na'urarsa, allura ko motsi. Ya cire hula. Na ba shi gurasa mai cuku rabin faranti don ya manta hanyar gidanmu.

Naiden bai yi faɗa ba, bai zagi Jamus ba, bai zagi kowa ba. Ya rataye makulli a ƙusa, ya cusa hular kaba a bayan kabad. Na kawo miyar wake, ya ture. Washegari ma ya ture. Ya zauna a bakin taga yana kallon gareji, sai ya ce, "Zlatka, yaron nan ya yi gaskiya. Na tsufa. Mutumin da ko batir ya kasa tsarewa, ina shi ina teku?"

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa jin Naiden ya ce wani ya yi gaskiya ba. Shi ya sa na tsorata.

Za ku ce a je gari a sayo sabo mana. To fansho sai ƙarshen wata, Ista kuwa ba ta jira. Kuma mai shagon batir na gari abokin Rumen ne tun firamare, bakinsa kamar ƙofar kasuwa, kafin mu iso gida labari ya isa Jamus.

Sai na ɗauki tocila na koma gareji ni kaɗai. Na kama wayar da ke soket na bi ta da hannu, ta kai ni gindin injin wasa wuƙa. Na kama ta caja na bi ta, ta kai ni bayan buhun gawayi, ga filoginta kwance a ƙasa. A jikinsa kuwa ga ɓawon tattasai ƙonanne ya manne, har da shatin babban yatsa. Na ɓamɓare shi a hankali, na ƙunshe a hankici, na ɗaura ɗankwalin zuwa coci, na tsallaka gidan Penka. Na ce ba zan kira suna ba, amma ai dole in faɗi gidan da na shiga.

Na same ta tana murza ƙulli. Ta ce, "A'a, Zlatka, shigo. Ashe rashi aka yi muku? Na ga bakanike."

"Idonki da kaifi, ƙawata."

"Ai kayan Jamus ɗin nan ba su da albarka. Tun ranar na faɗa wa maigidana Stamen."

Na kwance hankici a kan teburinta. "Wannan fa, daga Jamus yake?"

Ta leƙa. "Ɓawon tattasai ne. Wa ba shi da tattasai a garin nan?"

"Kowa na da tattasai. Ba kowa ke da makullin garejina ba."

"Na rantse da kabarin uwata na mayar da waya!"

"Kin mayar, 'yar uwa, ni shaida ce. Injin wasa wuƙa yana gaishe ki, duk sanyin nan bai kwana da yunwa ba."

Sai ta zauna daɓas a kan buhun gari, ta ja gyale ta rufe fuska. "Wayyo ni! Ai duka baƙaƙe ne!" Can ta leƙo da ido ɗaya. "Za ki faɗa wa gari?"

"Haba Penka, kin fa san ni."

"Shi ya sa nake kuka."

To a nan ne Allah Ya kawo mafita, don ba Ya rufe wata ƙofa sai Ya bar ta maƙwabci a buɗe. Duk kun san taraktar Stamen mijin Penka ta mutu tun bara waccan. Amma batirinta yana nan da ransa, ƙato, lafiyayye, gwauro, zaune a kan katako a ɗakin ƙasa, Stamen yana ciyar da shi duk wata yana auna shi da 'yar na'ura kamar mai jiran haihuwa. Muka sauka mu biyu muka same shi a can.

Ya ji bayani ya ce, "Batirina ba ya zuwa ko'ina. Jira yake a gyara tarakta."

Penka ta ce, "Taraktar da kaji ke ƙwai a kujerarta? Tsoho, ka ji tsoron Allah."

"Ke ki yi shiru, mai kisan kai. Kuma iskar teku gishiri ce, cin ƙarfe take."

Na ce, "To ka bi shi mana ka riƙa goge masa kai. Akwai gadon sama a Saniya, ba mai kwana a ciki tun da Rumen ya girma."

Stamen rabonsa da teku tun yana soja, Penka kuwa a kalanda kawai ta san shi. Ya sosa ƙeya, ya dubi batir, ya dubi bango.

"Akwai kifi?"

"Naiden ya fi shekara talatin yana jefa ƙugiya a wurin, bai kama ko ɗaya ba. Duk suna nan suna jiranka."

Ya ɗauko igiya ya auna batirinsa, ya haura tudu ya auna gurbin Marin, ya ce zai shiga in an ɗan matsa. Sannan ya kafa sharuɗɗa irin na uban ango: da kaka ta yi a dawo masa da abinsa ɗakin ƙasa ya ci lokacin sanyi a gabansa, ba ruwansa da caja mai hankali, kuma kada a ƙara barin matarsa ita kaɗai da soket. Na amince da duka. Penka ma ta amince, ba ta da bakin musu.

Na dawo gida na ajiye hankicin a gaban Naiden na ba shi labari. Ya daɗe yana kallon ɓawon tattasan nan.

"Ashe ba ni ba ne?"

"Ba kai ba ne. Kai laifinka tausayi, da ka rufe fitila da bargo."

"Amma batirin Stamen? Wannan marowacin? Kuma ya kwana a saman kaina wata biyu yana minshari?"

"Ko minsharin Stamen ko dillalin Rumen. Zaɓi ɗaya, miya na hucewa."

Ya ci kwano biyu, ya sa burodi ya suɗe.

Marigayi Marin ya rasu ya bar matarsa Saniya, wadda har yanzu take tsaye a gareji baki buɗe. Ya bar ƙaninsa, ƙaramin batirin da ke kula da firji da fitilun cikin Saniya, wanda ya tsira saboda tun kaka na sa an kai shi kicin yana riƙe mana fitila in an ɗauke wuta, yana cin cajinsa a kan idona. Ya bar tagwayen wayoyinsa, ja da baƙa, da buroshin haƙorinsa, da rabin kwalbar basilin. Ya bar 'yar caja marainiya, da ta zo ƙasar nan da niyyar alheri ta ƙare a bayan buhun gawayi. Ya bar rediyo da ƙararrawa, waɗanda suka ci shi da ransa, kuma ba a gayyace su ba. Ya bar injin wasa wuƙa, wanda ya zauna a kan gadonsa duk tsawon sanyi bai amfana da komai ba, kamar wasu magada da na sani a bayan coci. Ya kuma bar tsofaffi biyu da ya kai bakin ruwa ya dawo da su shekara da shekaru bai taɓa yar da su a hanya ba. Ko mutuwar ma a gida ya yi ta, don kada ya wahalar da mu.

Na tambayi Fada Serafim tsawon zaman makokin da ya wajaba a kan mota kafin ta sake aure. Ya ce ya duba littattafansa bai ga komai ba, kuma in daina tare shi a hanya. Saboda haka za a haɗa jana'iza da ɗaurin aure rana ɗaya, don a rage wahalar girki.

Ga yadda za a yi. Ranar Asabar mai zuwa, mako guda kafin Ista, da zarar motar burodi ta tafi, a taru a koriyar ƙofa. Za a ɗauki gawa a baro, an shimfiɗa mata bargon da ya yi ajalinta. Ba za a sa shi a ƙasa ba, bakanike ya ce ruwan cikinsa guba ne ga rijiya. Za a raka shi a hankali har tashar bas, inda mai sayen tsofaffin ƙarafa zai karɓe shi ya kai shi inda ake narka irinsu a sake haifarsu. Baro ba zai dawo fanko ba. Za a tsaya a ƙofar Stamen a ɗauko ango.

Ana neman maza masu ƙarfi don hawan tudu. Na san mafi ƙuruciya a cikinku ya haura sittin, sauran duk suna Jamus da Sifen, to ku zo da yawa ku yi karɓa-karɓa. Naiden ba zai taɓa baro ba, wanda ya ga ya miƙa hannu ya buge hannun, na ba da izini. Kada a kawo furanni, a zo da sifana. Fada zai yayyafa ruwan albarka a jikin Saniya, amma an roƙe shi ya nisanci kawunan ango. Penka ce za ta ciyar da jama'a da miyar tattasanta ta kwalba, kowa ya ci ya ji ɗanɗanon abin da ya kashe Marin. Gaskiya ta yi daɗi bana, ba a hana ta wannan.

Ni kuma zan dafa alkama da zuma kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, kuma kowa sai ya ci cokali a gabana. Wanda ya ci alkamar gidan makoki ba ya tona asirin gidan. Rumen zai iso ranar Alhamis ta makon Ista, kafin nan ni da kaina zan cire wannan takarda. Cewa ya yi in ya murɗa makulli ta tashi, bai ce da wane batir ba, saboda haka ba wanda ya yi ƙarya, kuma ba wanda aka tambaya. Sirrin ƙauyen nan ba ya fita sai ta bakina, ni kuwa na rufe. Wanda nasa bakin ya yi masa ƙaiƙayi, ya tuna na san wanda ke tsallaka katangar wa in an tafi coci, na san inda tunkiyar da ta ɓace bara ta ƙare, ina da sauran takarda da biro, bishiyar nan kuma tana da faɗi.

Bayan an ɗaura wayoyi, ja tukuna sannan baƙa, Naiden ne zai fara murɗa makulli. Yau da safe na same shi ya durƙusa yana laluben bayan kabad da sanda, ya ce wai ɓera yake nema. Na bar shi, har ɓeran ya fito da siffar hular kaba.

In kun ji "gur-gur-gurrum!" ya tashi daga kan tudu, kada kowa ya yi tafi ko guɗa, gidan makoki ne. Ku ci alkamarku a natse. Wanda kuma ya ga ruwa a idon Naiden, hayaƙin Saniya ne, ya kau da kai.

Mai makoki,
Zlatka matar Naiden, koriyar ƙofa, kan tudu.